Ranar da 'Yar Dutse Ta Yi Kuka

Ka'akiyya, Makka

Zuwa ga Gwaggona, Gwaggo Aishatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gwaggo, 'yarki Rabi ce take gaishe ki daga ƙasa mai tsarki. Na durƙusa har ƙasa kamar ina tsakar gidanki a Gaya, ko da yake na san da a gabanki nake da tuni kin ce in tashi, wai durƙuson da babu tsaraba a bayansa bai dame ki ba. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda yake cin tuwon gidanki. Yaya ƙafar? Na ji labari kin ajiye man da na aiko, kin koma wa mai magani na bakin kasuwa. To, Allah Ya ba ki sauƙi ta hannun wanda Ya so, amma ni dai na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Kabira, na san ke za ki karanta wa mahaifiyarki wannan, don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya, ko kin ga ta yi tsawo.

Mu nan lafiya lau muke, sai zafin garin nan da ba a sabawa da shi. Ɗanki Abdulilah, Abban Afnan, yana nan yana fama da aiki, fita da safe, dawowa da yamma. Jikarki Afnan ta shiga makaranta, bakinta ya cika da Larabci, Hausar kuwa sai ta ga dama. Jiya na ce ta miƙo min ludayi, ta tsaya tana kallona kamar na ce ta kamo min zaki. Amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba. Magana ce a kan Baffa Baraka, yayanki kuma surukina. Na sha ɗaukar waya in gaya miki, sai kuka ya ci ƙarfina in ajiye, shi ya sa na ce bari in rubuta, takarda ba ta jin rawar murya.

Mun daɗe muna ce miki Baffa da sauƙi, to yau ki yafe mana ki ji yadda abin yake. Tun da aka rushe ɓangarenmu na unguwar Nakkasa muka dawo wannan bene na Ka'akiyya, Baffa bai sake zama daidai ba. Kullum yana bakin taga, tambayarsa ɗaya, wai ina mutane. Mu ce masa suna nan da ransu, wasu a lungunan nan kusa, wasu a Kudai, wasu sun yi Jidda. Sai ya girgiza kai, ya ce ɓoye masa muke yi, duk sun mutu, shi kaɗai aka bari. In ya idar da salla sai ki ji yana jero sunayen maƙwabta yana nema musu rahamar kabari, mutanen da na san ranar ma sun ci abincinsu sun ƙoshi. Muka sa masa waya a kunne, ya ce murya a cikin ƙarfe ba shaida ba ce. Malam Nuru, ladanin masallacinmu na can, amininsa tun suna samari, ya hawo benen nan da kyar don ya gan shi. Baffa ya gaishe shi gaisuwar baƙo, ya ce a kawo wa bawan Allah ruwa, mutumin yana fita kuma ya ɗaga hannu yana yi wa marigayi Nuru addu'a. Daga nan sai ya fara ture kwano. Wai wanda abokan cin abincinsa suka ƙare, me zai yi da abinci. Likita ya duba shi, ya ce babu wata cuta a jikinsa da za ta kai shi ƙasa, amma in ya ci gaba da ƙin ci, to mu shirya. Gwaggo, na ji tsoro ƙwarai, don har zoben hannunsa ya fara zamewa.

Kin tuna motarsa, a-kori-kurar nan da ake kira 'Yar Dutse? Kin shige ta shekarar da kika zo sauke farali, har kika ce ta girgiza miki hanji. Kin san yadda Nakkasa take a jikin dutse, lungunanta a tsaye, motar asibiti ba ta iya hawa. To ita ce take hawa. Ita take sauko da mai naƙuda da mara lafiya, ita take sauko da gawa. Akwai wata al'ada da wataƙila ba ki tarar ba, ni ma a bakin tsofaffi na ji ta. Hon ɗin motar yana da wata murya tasa daban, a shaƙe, kamar rago mai mura, kuma da shi Baffa yake ba unguwa labari tun kafin waya ta zo. In ya dawo da mai jego da jaririnta, sai ya dinga danna shi gajeru-gajeru tun daga gindin dutse, mata su amsa da guɗa. In kuwa rasuwa aka yi, sai ya danna bai ɗaga hannu ba, kuka ɗaya dogo, duk wanda ya ji ya bar abin da yake yi ya fito. Ko yaro a Nakkasa ya san ba a wasa da dogon hon ɗin 'Yar Dutse. Da waya ta cika hannun mutane, idon Baffa kuma ya yi rauni ya bar tuƙi, sai al'adar ta kwanta, yaran baya ba su ma san an yi ta ba.

Da muka taso, Abban Afnan ya sa aka jawo motar aka ajiye a ƙasan benenmu, ta zama ɗakin kyanwoyi. Rannan muka wayi gari an manna mata takarda a gilashi, wai duk motar da aka yasar a titi ba ta da istimara mai rai, wato takardar rajistarta, za a zo a ja ta a kai inda ake farfasa tsofaffin motoci. Abban Afnan ya ce a bar su su ɗauka, ta gama aikinta. Sai Shaima ta yi tsalle ta dire. Kin san ta, autar Baffa, wadda aka haifa yana da furfura, mai aiki a asibiti, mai Hausa kamar ana jan ta da igiya. Ta ce ita ta lura, duk yinin Allah idon mahaifinta ba ya kawo haske sai in ya leƙa ƙasa ya ga motar nan, kuma ranar da ya leƙa bai gan ta ba, ranar za mu rasa shi. Ta rantse sai ta mayar da 'Yar Dutse kan titi. Ta samo wani tsohon bakanike ya tayar da injin, aka sake birki, aka sa mata bel a kujera, ita kuma ta zauna ta koyi tuƙin mota mai giya, tana yi tana mita da Larabci. Aka kai motar wurin da ake duba lafiyar motoci, ta faɗi warwas. Mai dubawar ya yi mata bayani cikin mutunci, ya ce ba laifin gyara ba ne, an ƙera motar tun kafin a san abubuwan kariyar da ake nema yanzu. Jikinta ba zai kare mutum ba in aka yi karo da gudu, fitilunta ba su isa dare ba, kuma ko me aka ɗaura mata ba za ta zama motar zamani ba.

Amma ya ce akwai wata ƙofa, rajista mai sharaɗi, wadda ake yi wa motar da ba ta cika ƙa'idar tsaro ba amma ba a so a kashe ta. Shaima ta yi ta zirga-zirga har aka ba ta. Sai dai da ta karanta mana sharuɗɗan, murna ta koma ciki. Ba za ta hau babban titi ba, ba za ta shiga hanyoyin nan da aka huda cikin duwatsu ba, ba za ta kusanci Harami ba. Cikin unguwa kawai, a hankali, da rana, in rana ta faɗi ta tsaya. Ba a ɗaukar kowa a bayanta, lokacin aikin Hajji kuma ta zauna a gida. Abban Afnan ya fusata, ya ce an ba mu mota an ɗaure mata ƙafa, don shi burinsa ya bi babban titi ya kai Baffa ya ga inda gidanmu yake a da. Ni ma bakina bai yi shiru ba, na ce jakin Gaya ma ya fi wannan mota 'yanci. Astagfirullah, Gwaggo, ashe ban san abin da nake faɗa ba. Shaima dai ta ce ko zagaye bene ne za ta zagaya da mahaifinta.

Ranar Juma'a bayan la'asar Abban Afnan ya sauko da Baffa a hannu, ba nauyi ko kaɗan. Da aka kai shi jikin motar sai ya shafa ƙofar, ya daɗe yana shafawa. Aka zaunar da shi a gaba ta gefen taga, aka ɗaura masa bel, Shaima ta kama sitiyari, ni da Abban Afnan muka biyo su a tamu motar. Tun da an hana mu babban titi, dole muka kutsa lungunan cikin Ka'akiyya ta ɓangaren da ya nufi Kudai, lungunan da ko sau ɗaya ban taɓa bi ba duk zamana a nan. Tafiya muke kamar ta mai tallan kayan miya. Can muka tarar da motar mai sayar da tukwanen gas ta tare wani lungu, mai ita ya shige wani gida. Shaima ta jira, ta jira, kin san haƙurinta ba shi da tsawo. Sai ta ɗora hannu a kan hon ta danne, ta ƙi ɗagawa. Muryar nan ta fito a shaƙe, doguwa, ta cika lungun ta haura benaye. Abban Afnan da ke kusa da ni ya saki sitiyari ya dafe kai yana salati, don shi ya tashi da al'adar, ya san abin da ƙanwarsa ta shelanta ba ta sani ba.

Gwaggo, abin da idona ya gani daga nan, har in mutu ba zan manta ba. Tagogi suka fara buɗewa, sama da ƙasa. Sai ga tsofaffi suna fitowa daga ƙofofi, wani ba takalmi, wani da carbi a hannu, wani yana gyara zanen wanka, kowa bakinsa inna lillahi. Mata suka leƙo suna kuka. Ashe lungunan nan cike suke da mutanen Nakkasa, kowa ya kama ɗan ɗakinsa ya shige ya rufe, maƙwabci bai san maƙwabcinsa na bayan katanga ba. Na ga Hajiya Salwa, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu, tana saukowa daga bene da sanda, jikokinta na riƙe ta tana fizgewa. Tana faɗi tana ƙarawa, wai wannan murya ko a kabari take ta san ta, Baraka ne ya tafi, motarsa ce ta zo sanarwa. Maza suka yi bayan motar da gudu don su kama makara, suka tarar wayam. Suka tsaya cirko-cirko. Sai wani ya zagayo ta gefen taga, ya ja da baya kamar an ture shi, ya ɗaga murya yana kabbara. Ga Baffa zaune da hularsa, da ransa, yana kallonsu. Su sun fito binne shi, shi kuma ya daɗe da binne su a zuciyarsa, sai ga su ido da ido ta tagar mota. Ni kuwa na fito daga mota ban san na bar takalmina a ciki ba.

Baffa ne ya fara magana. Ya dubi Hajiya Salwa ya kira ta da sunan mahaifinta, ya ce ashe tana nan, ya tambaye ta ko har yanzu tana tsoron gangara. Ya dubi wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya ce kai ai a bayan motar nan aka haife ka, a kwanar gidan burodi, ba ku kai asibiti ba. Mutumin ya kifa kai a ƙofar motar yana kuka kamar yaro. Malam Nuru ya matso, wanda Baffa ya ba ruwan baƙo a gidanmu. Baffa ya kama gemunsa ya ce Nuru, ina ka shige haka, har da yi masa faɗa wai bai kyauta ba da bai taɓa zuwa duba shi ba. Sai a lokacin na gane, Gwaggo. Mutumin nan rayuwarsa duka ta wannan taga ya san jama'arsa, a tsaye a gefen hanya suna ɗaga masa hannu, shi ya sa a kan kujerar bene bai gane kowa ba. Ikon Allah ya wuce tunanin bawa. Shaima tana ta ba mutane haƙuri da guntuwar Hausarta, ba wanda ya saurare ta. Sai Baffa ya miƙa hannunsa ta gabanta, ya kai kan hon, ya dinga dannawa gajeru-gajeru, irin na haihuwa. Wayyo, guɗar da ta tashi a lungun nan, ban taɓa jin irinta ba ko a gidan biki.

Mai gas ya fito a ruɗe ya janye motarsa, muka ci gaba. Wasu suka so ɗarewa baya, Shaima ta ce sam, sharaɗi ya hana, kuma ba za ta yi wasa da takardar da ta sha wuya a kanta ba. Sai kowa ya taka da ƙafa, ba wanda aka bari a baya, don gudun da aka yarje wa motar a cikin irin wannan cunkoso bai wuce tafiyar tsoho ba. Masu hannu a jikin motar suna riƙe da ita, na baya suna ta kiran waya. Duk lungun da muka shiga sai mu tarar da wasu a tsaye suna jira, Baffa yana kiran suna, suna amsawa, suna shiga sahu. Ina tafe ina tunani, da an ba mu irin rajistar da muka so, da mun bi babban titi mun wuce fuu, mun kai shi ya ga fili da tarin ƙasa, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa kowa ya mutu. Abin da muka kira ɗaurin ƙafa, shi ya bi da mu ƙofa-ƙofa. Na dubi Abban Afnan, na ga shi ma hawaye yake sharewa da gefen rawaninsa.

Rana na shirin faɗuwa Shaima ta kashe mota a bakin wani ƙaramin masallaci, ta ce iyakar izininta ke nan. Maza suka tura ta da hannu cikin harabar, har ana gardamar wanda zai kwana yana gadinta. Daga wurin ana hango hasken dogon agogon nan da ke kan Harami, can nesa. Aka kira salla, masallatan garin suka ɗauka ko'ina, Baffa ya yi magariba a zaune cikin sahu, kafaɗarsa na jikin ta Malam Nuru. Bayan an idar aka shimfiɗa tabarmi, kwanuka suka fara fitowa daga gidaje, ba wanda ya aika a kawo. Hajiya Salwa ta ajiye tuwo miyar kuka a gabansu. Ina tsaye ina kallo. Baffa ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya sa hannu kwano ɗaya da amininsa, ya ci, ya ci, har ya ce a ƙaro miya. Na juya baya na yi kukana son raina.

Da ya gama sai ya bi fuskokin mutane da kallo, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai duba awakinsa da yamma. Sannan ya yafito ni. Ya ce kowa ya zo, ya ga kowa, saura mutum ɗaya. Ya ce saura Indo. Gwaggo, kin san duk duniya shi kaɗai yake kiran ki da wannan suna, kuma rabon da in ji shi a bakinsa tun muna Nakkasa. Ya ce in ji tsoron Allah in gaya masa gaskiya, ƙanwarsa tana raye ko ta riga shi. Na rantse masa kina nan lafiya, har faɗa kike yi wa mutane. Ya yi ɗan murmushi, ya ce haka muka yi ta gaya masa game da sauran ma, kuma bai yarda ba sai da ya gani, don haka ke ma sai ya gan ki ta tagar motarsa. Tun daga ranar yana cin abinci, baƙi ba sa yankewa a gidan, kowace Juma'a Shaima tana fita da shi. Amma na lura duk lungun da aka shiga, bayan ya gaisa da mutane, sai ya ɗan leƙa bayansu.

Don haka, Gwaggo, maganar ƙafa ta ƙare. Shekara da shekaru muna cewa ki zo Umara kina cewa sai gwiwa ta yi sauƙi. Abban Afnan ya ce zai shirya komai, Kabira ta rako ki, a filin jirgi akwai keken da ake tura tsofaffi, a Harami ma akwai. Ki zo kafin lokacin Hajji, don in ya shigo motar ba ta da izinin fita, kuma ni ban san abin da Allah Ya rage wa Baffa ba.

Ki gaishe min da Kabira da maigidanta da yaran, musamman takwarata mai rashin ji. Ki gaishe da Kawu Abdulƙadir, ki ce ina yi masa addu'a a gaban Ka'aba, da Inna ta gidan bayan masallaci, da duk wanda ya tambaye ni. Abban Afnan yana gaishe ki da girmamawa, Shaima ta ce in rubuta miki cewa ta iya tuƙi a hankali, ba za ta girgiza miki hanji ba. Kujerar gaban motar tana ɗaukar mutum uku, amma Baffa ya hana kowa zama a tsakiya, ko Afnan ya kora. Ya ce wurin Indo ne.

Allah Ya haɗa fuskokinku da alheri, Ya sa ina tsaye a gefen hanya ina kallo.

'Yarki mai jiran amsa,
Rabi